Darasi: Ruwa nawa kwatami ke ci?

Mai lambu a bakin Gulbin Maradi ko a Jiratawa, in zai gina kwatamin tara ruwa, gara ya san lita nawa zai ci tun bai sayi siminti ba. Lissafin da ake yi wannan da shi, shi ne ƴaranku ke koyo a kwaleji da sunan firizim. Firizim abu ne mai fuska biyu iri ɗaya, ɗaya na kallon ɗaya, kuma girmansa bai canzawa daga wannan fuska zuwa waccan. Bulo firizim ne, akwati ma haka. Tulu bai cikin lissafin nan, don cikinsa ya fi bakinsa faɗi.

Ƙa'idar guda ce: a nemo filin fuska ɗaya, a ninka shi da nisan da ke tsakanin fuskokin biyu.

Mu ɗauki kwatami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1,5, zurfin mita 1. Filin ƙasansa 2 sau 1,5, wato 3. A ninka 3 da zurfi, 1, ya ba da mita kib 3. Mita kib ɗaya lita 1000 ne, shi ne kuma awon da ake rubuta muku a takardar kuɗin ruwan famfo. Kenan kwatamin na cin lita 3000: tano 15 masu lita 200, ko bido 120 masu lita 25.

Ku auna daga ciki. Mutane da yawa kan ɗora igiyar awo a bayan bango, su manta da kaurin bulo. In kaurin bangon santimita 15 ne, awon waje zai nuna 2,3 da 1,8, lissafi ya kai lita 4140. Kun ga an ƙara wa kwatami lita fiye da dubu wadda bango ne ya cinye wurinta, kuma ranar ban ruwa albasa ce za ta gane kurenku.

Kwamin shayar da dabbobi mai tsinin gindi ya fi ruɗa mutane, don fuskarsa ba a ƙasa take ba, tana can kai da kai, mai kusurwa uku. A ce faɗin bakinsa santimita 60, zurfinsa 40, tsawonsa mita 2. Filin mai kusurwa uku rabin na mai kusurwa huɗu ne: 60 sau 40 ya ba da 2400, a raba biyu, 1200. Kafin ku ninka da tsawo, ku mai da mita 2 santimita 200, don ba a haɗa mita da santimita a lissafi guda. 1200 sau 200 ya ba da 240 000 na santimita kib. Kowane 1000 lita ɗaya ce, saboda haka kwamin na cin lita 240. Wanda ya ninka da 2 kawai zai samu lita biyu da ɗan wani abu, abin da akuya ɗaya ma bai isa ba.

Aikin gida: magini zai haƙa ramin harsashin katanga mai tsawon mita 10, faɗin santimita 40, zurfin santimita 50. Mita kib nawa na kankare zai cika shi? Ku fara da mai da santimita mita, ku rubuta kowane mataki a littafinku, ku zo da shi aji mai zuwa.