Yadda za ka duba nauyin ruwa kafin famfonka ya ƙona moto

In za ka sauya abin da famfo mai farfela yake turawa a masana'anta, fara auna nauyin sabon abin da zai tura tukun. Ɗebi lita 1 ka ɗora a sikeli, ka cire nauyin robar. Ruwa tsantsa kilo 1 ne, man dizal kusan 0.84, ruwan teku 1.025, sulfuric asid mai ƙarfi kuwa har 1.84. Kuma kar kauri ya ruɗe ka, man inji ai kauri gare shi amma ruwa ya fi shi nauyi.

To ga inda mutane ke faɗawa. Famfon da ke kai ruwa mita 30 sama, ko asid ka ba shi mita 30 ɗin nan zai kai, sai mutum ya ga aiki na tafiya ya ce shi ke nan, alhali moton ne ke shan wuya a ɓoye, don wutar da yake ja tana hawa ne daidai da nauyin. Lissafin wutar da ke takardar kamfanin famfon da ruwa aka yi shi, saboda haka ka ninka da lambar da sikeli ya ba ka. Misali famfo mai tura kubik mita 50 a awa zuwa mita 30, mai inganci kashi 70, zai ci kusan kilowat 5.8 da ruwa, da asid ɗin nan kuma 10.7. In moton 7.5 ne a jiki fa? Ko breka ta rinƙa faɗuwa ko ka ji ƙaurin koyil.

Gejin auna matsi ma zai canza, inda ya saba nuna lamba 3 a ma'aunin bar zai haura 5, ba lalacewa ya yi ba, amma duba ko bututu da sil, wato abin da ke hana yoyo, za su ɗauka.

Bayan ka kunna, sa kilam mita, wato na'urar auna wuta da ake maƙalawa, a waya ka gwada amfiya da wadda aka rubuta a farantin moto. In ta wuce, ɗan rage bawul na fita, kada ka kuskura ka taɓa na tsotsa. Wannan na wucin gadi ne dai, ni a ganina gara a rage gudun moto da VFD, wato na'urar da ke sarrafa gudunsa, ko a kai farfelar a rage mata faɗi, in kuma aikin zai daɗe a sayi babban moto kawai.

Ruwa mai nauyi ba ya tsotsuwa daga zurfi sosai, don haka matso da famfon kusa da tanki, in da hali ma sa shi ƙasa da matakin ruwan.