Kurakuran da ke kai kare da kyanwa asibiti a lokacin biki

Duk biki labarin ɗaya ne. Baƙi sun watse, washegari kare yana ta amai, mai shi yana cewa ai ɗan kaɗan aka ba shi. Na gaji da jin wannan magana.

Babban kuskuren shi ne dafaffen ƙashi, kuma ni kaina na yi shi. Na taɓa tattara ƙasusuwan kazar da suka rage a faranti na zuba wa karena, ina ganin gata na yi masa. Cikin dare ya kama yunƙurin amai, ciki ya ƙulle, ko taɓa shi aka yi sai ya yi ƙara. Sai da likitan dabbobi ya yi masa tiyata ya ciro tsinin ƙashin da ya huda masa hanji. Ƙashi in ya dahu bushewa yake yi, in an tauna ya tsage ya yi tsini kamar allura. Tun daga ranar, ragowar faranti a gidana kwandon shara mai murfi take zuwa, kwandon kuma a bayan rufaffiyar ƙofa yake.

Albasa da tafarnuwa sun fi yaudara. Ɗanyu ko dafaffu, farfasa jajayen ƙwayoyin jini suke yi, kyanwa kuma ta fi kare saurin galabaita. Sau da yawa sai bayan kwanaki ake ganin kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, lokacin an manta da romon da aka zuba mata.

Cakulan guba ne gare su, baƙinsa ya fi muni. Inibi da zabibi na lalata ƙodar kare. Cingam marar sukari mai sinadarin zailitol na karya masa sukarin jini cikin ɗan lokaci.

Ku kuma masu miƙa loma ta ƙarƙashin tebur saboda kare ya zuba muku ido, ku bari! Ba ku za ku kwana a kansa ba. In ya riga ya ci ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, kada a ɗura masa ruwan gishiri wai don ya yi amai, kada kuma a ba kyanwa parasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. A kira likita nan take, a faɗi abin da ya ci da lokacin, a tafi da ledar abin.

Ni dai kafin baƙi su iso nake ba nawa abincinsa ya ƙoshi, in kai shi ɗaki da ruwansa, in gaya wa yara da babbar murya kada wanda ya buɗe.