Yadda Ake Ciyar da Ƙwayoyin Hanji Don Daidaita Sukari da Kitsen Jini

A babban hanjin kowa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, abincinsu kuwa harza ce, wato ɓangaren hatsi da wake da ganye da ciki ba ya iya narkarwa. In suka sarrafa ta sai su fitar da sinadarai uku: asetet, furofiyonet da butiret. Butiret ke ciyar da bangon hanji, furofiyonet ya bi jini zuwa hanta. Sinadaran nan kuma suna sa hanji ya saki wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke taimaka wa fitar insulin (sinadarin da ke sauke sukarin jini) bayan an ci abinci, ya sa mutum ya ƙoshi da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla giram 25 na harza a rana.

A fara daga barin surfe. Dusar da ake zuba wa awaki, a cikinta harzar gero da dawa take. A wanke hatsin, a shanya, a kai niƙa da dusarsa. In tuwon ya yi wa 'yan gida nauyi a baki, a haɗa rabi da surfaffe har su saba.

Sai wake. Kofi ɗaya na dafaffe yana da kusan giram 11, ka ga an kusa rabin abin da ake bukata. A jiƙa shi awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi laushi sosai. Nan ne mutane ke yin kuskure: su ci kwano guda a rana ta farko, ciki ya kumbura da iska, su ce wake ba ya karɓarsu. Ƙwayoyin ne suka samu abinci fiye da yadda suka saba. A fara da cokali uku ko huɗu, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku, a kuma yawaita shan ruwa, don harza ba ruwa tana sa bayan gida ya yi tauri.

A riƙa sauya miya: kuka, kuɓewa, zogale, rama, da albasa da tafarnuwa isassu.

Shinkafa ko dankali da aka dafa suka kwana a firji, wani ɓangare na sitacinsu yakan ƙi narkewa, ya wuce har babban hanji. Amma a sa su a firji cikin awa ɗaya ko biyu da saukewa, a ɗumama su yi zafi ƙwarai. Shinkafar da ta kwana a waje tana jawo amai da gudawa, in babu tabbacin wuta a bar wannan matakin.

A guji shan ƙwayoyin antibayotik ba da umarnin likita ba, suna kashe har ƙwayoyin hanji masu amfani. Mai ciwon sukari da ke kan insulin ko maganin sukari na gilibenkilamid ya riƙa auna sukarin jininsa a makonnin farko, ya kuma sanar da likitansa, domin sukari na iya sauka fiye da kima, ya kawo rawar jiki, gumi da jiri.