Haruffan "ough" da ke rikita masu koyon Turanci

'Yan uwa masu shirin WAEC, ku lura da kalmomin da ke ɗauke da ough. Rubutunsu kusan ɗaya, amma furucinsu kowa da inda ya dosa. Ni ma na daɗe ina karanta drought kamar "draft", sai da ƙanwata ta yi min dariya. Ashe "draut" ake cewa, ma'anarsa fari, wato rashin ruwan sama.

Kada ku haddace su a jere yadda suka zo a ƙamus. Ku tara su gida-gida bisa sauti. Masu ƙarewa da "af" su ne tough, mai tauri, rough, mai kaushi, da enough, isasshe. Cough kuwa tari ne, shi "kof" ake cewa. Plough, garmar shanu, gidansu ɗaya da drought, "plau". Dough shi ne kwaɓin fulawa na burodi, ana cewa "do".

Masu taurin kan su ne though da through. Harafin r kaɗai ya raba su a rubutu, na farko ma'anarsa "ko da yake", na biyu ratsawa ta ciki. Ni dai na rubuta su a kwali, na manna a bangon ɗakina kusa da madubi.