Yadda za ka gina samfurin ruwan gonar hatsi a kwamfuta

Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke zuwa wurina a nan Maradi kusan duk buƙatarsu ɗaya ce: suna son yin samfurin lissafi, amma manyan manhajoji sun ba su tsoro. Ni da tulu nake fara masu. Ka ɗauki ƙasar da saiwar hatsi ke ciki tamkar tulu: ruwan sama na zuba, rana da ganye na sha, in ya cika ya tumbatsa ragowar ta nutse ƙasa. Wanda ya iya rubuta wannan a Excel ko LibreOffice ya kama hanyar da injiniya ke bi ya lissafa ruwan madatsa irin ta Jibiya, hanyar da Leonhard Euler ya bayyana tun 1768: abin da ke akwai yau shi ne na jiya, a ƙara abin da ya shigo, a ɗebe abin da ya fita.

Fara da awo. Milimita 1 na ruwan sama lita 1 ce a kan murabba'in mita guda, wato mita kubik 10 a hekta. Komai naka ya zama milimita, kowane layi kuma kwana ɗaya. Buɗe gurbi biyar: kwanan wata, ruwan sama, ƙishin iska, abin da hatsi ya sha, da abin da ya rage a tulu.

Ruwan sama ya fi kyau ka samo daga ma'aunin da ke kusa da gonar, don kowa ya san hadari kan zuba a Tibiri ya bar Madarunfa a bushe. In babu, rumbun bayanan ruwan sama na intanet mai suna CHIRPS na ba da ƙiyasin tauraron ɗan adam kyauta, na shekaru tun daga 1981, kowane gida a taswirarsa kusan kilomita 5. Ƙishin iska, wato ruwan da rana da iska ke iya zuƙewa a yini, wanda littafin FAO (hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya) mai lamba 56 na 1998 ke kira ET0, za ka iya fitar da shi daga zafin rana mafi yawa da mafi ƙanƙanta ta hanyar lissafin Hargreaves, alƙaluman zafin kuma suna shafin intanet na NASA POWER. Don samun abin da hatsi ya sha, sai ka ninka shi da ma'aunin amfanin gona: hatsi 0.3 ne yana tsiro, ya hau zuwa 1.0 lokacin da ya rufe gona yana fidda kai, ya sauko 0.3 dab da girbi.

A nan ka tsaya ka duba kwamfutarka. Yawancinmu Excel na Faransanci gare mu, shi kuwa waƙafi ya sani, 0,3. In ka zuba masa fayil mai ɗigo zai ɗauki lambar a matsayin rubutu, wani lokaci ma ya mayar da ita kwanan wata. Ka nemi -9999 ko -999 kuma, alamar ranar da ba a yi awo ba ce. Guda ɗaya tak in ta shige lissafi, damanar duka ta lalace.

Girman tulu fa? Rairayin jigawa, bisa littafin nan na FAO, yana riƙe wa shuka tsakanin milimita 50 zuwa 110 a zurfin mita guda. Mu ce 70. A gurbi na biyar, layi na uku, rubuta =MAX(0;MIN(70;E2+B3-D3)), wato ragowar jiya a ƙara ruwan yau a ɗebe shan yau, ka ja shi har ƙarshen damana. Kafin ka yarda da shi, ɗauko kaye da biro ka yi layi uku da hannu. Jiya 40, ruwa 12, an sha 6: yau 46. In ruwan 50 ne, lissafi ya ba da 84, tulu ya tsaya a 70, sauran 14 sun wuce saiwa. Idan allon bai ba ka haka ba, kada ka ƙara taku ɗaya. Daga nan ka koya wa samfurin ƙishirwa: hatsi na fara wahala in an shanye kashi 55 cikin 100 na tulun, wato in ragowar ta kasa 31.5. Ƙasa da nan, ka rage shan gwargwadon ragowar, kamar in 20 ta rage, ka ninka shan da 20 a raba da 31.5.

Samfurina na farko a gonar kawuna na gwada shi. An yi ruwan shibka, aka shibka, sai sama ta ɗauke. Allona na nuna tulu da sauran ruwa, na je na ce masa hatsi ba zai komai ba. Bai yi mini gardama ba. Ya durƙusa gindin wani tsiro da ya nannaɗe ganye, ya tona da yatsu, ya damƙo rairayi ya buɗe hannu, ya zube kamar gari. Ya ƙara tonawa har hannunsa ya shige zuwa gwiwar hannu, sannan ya fiddo mai laima da ya dunƙule. Ya ce, "Ɗana, ruwan da kake gani yana nan. Saiwar ce ba ta kai gare shi ba." Na ji abin har cikin raina, don sai da aka sake shibka wani ɓangaren gonar. Na ba jaririn tsiro tulun mita guda tun ranar farko, alhali saiwarsa ba ta wuce tsawon yatsa ba.

Gyaran shi ne tulu ya girma tare da saiwa. Ƙara gurbi na shida na zurfin saiwa, ka fara da santimita 15, wanda bai riƙe fiye da milimita 10 da ɗoriya ba, ka riƙa ƙara masa kullum har ya kai mita lokacin fidda kai. A wurin 70 sai ka sa zurfin ranar a mita (santimita 15 shi ne 0.15) sau 70. Da na yi haka, kwanakin farin suka fito a allo daidai inda gonar ta nuna su. Ka'idar da Sivakumar na cibiyar binciken noma ta ICRISAT ya kafa a 1988 ma sai ta zauna mini: damana ta kama in an samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi farin da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 na gaba.

Yanzu ka matsa masa. Sauya 70 zuwa 50, sannan 90, ka ga ko yawan kwanakin ƙishirwa ya birkice. In ya birkice, to wannan lambar ce ta cancanci ka je gona: ɗebo ƙasa, auna ta, busar da ita a tanda mai zafin digiri 105 kwana guda, sake aunawa. Shekarun da ka yi gyara da su kuma kada ka yi gwaji da su. Ware wasu gefe, ka tambayi mai gonar wace shekara rumbu ya cika, wace shekara dami ya yi ƙaranci, ka gani ko samfurin ya bi sahu. Ka sani kuma layin kwana ɗaya bai rarrabe yayyafin dare da ruwan da ya zuba cikin rabin awa ya gudu zuwa Gulbi. A ƙasa mai ɓawo sai ka cire wani kaso na malala.

In ka kai nan, mayar da shi harshen kwamfuta na Python, layi talatin ya isa, ka juya shi kan duk damanar da CHIRPS ke da ita, kana sauya ranar shibka. Sannan ka buɗe manyan manhajojin nan, AquaCrop na FAO ko SARRA-H da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ta yi aiki da shi, ka ba su ruwa da ƙasar gona ɗaya, ka jera sakamakonsu kusa da naka.