Ba mu da ƙuri'a a Tarayyar Turai, amma ga yadda ake sa baki a dokokinta

Rannan muna zaune a kasuwar Dawanau ta Kano layin ƴan riɗi bayan la'asar, wani dattijo da nake ce wa Kawu ya ɗebo riɗi a tafin hannu yana hurawa yana duba tsakuwa, sai ya ce min, "Ɗana, wai su Turawan nan da suke ta yanka mana doka a kan kayanmu, ba mai iya ce musu uffan ne?" Na ce Kawu akwai hanya wallahi, mu ne dai kullum sai an gama an buga hatimi sannan labari yake iso mu. Abin da na faɗa masa ranar shi zan faɗaɗa a nan, don ƴan ƙungiyoyin kasuwa da masu fitar da riɗi da zoɓo da citta da ƙaro, da ma ƴan uwanmu da ke ofisoshin gwamnati.

Mu tuna abin da ya sami wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin nan da muke ce wa fiya-fiya, wanda wasu ke zubawa a buhu don kada ƙwari su ci. Iyakar da suka sa miligiram 0.01 ne a kilo ɗaya, namu kuma ya zarce nesa ba kusa ba. Da farko na ɗan lokaci ne, sai aka ƙara wa'adi a 2016, aka sake ƙarawa a 2019. Kuma fa ba dare ɗaya abin ya faɗo ba, an daɗe ana kama kayan a tashoshinsu ana sakawa a tsarinsu na gargaɗi da ake kira RASFF, wanda kowa zai iya buɗewa a intanet ya gani. Da akwai mai dubawa a madadinmu da an ga hadarin tun yana haɗuwa.

Toh abu na farko, ka san inda ake dafa dokar. Ƙasashe 27 ne a tarayyar. Hukumar zartarwar tarayyar da ke Birasels ta ƙasar Beljiyam ita ke rubuta daftari, sai majalisar dokoki mai kujeru 720 da majalisar ministocin ƙasashen su yi gyara su amince. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba, dokokin da suka fi ci mana tuwo a ƙwarya, irin su nawa ne ragowar magani da aka yarda da shi a hatsi ko kayan wace ƙasa za a tsananta wa bincike, yawanci ba a zauren majalisa ake tafka muhawararsu ba, wani kwamiti ne na ƙwararru daga ƙasashen yake zama a kai, da shawarar hukumar lafiyar abinci EFSA da ke Parma a Italiya. Jerin kayan da ake tsananta wa bincike, wanda riɗin Najeriya yake ciki saboda ƙwayar cutar salmonela, duk wata shida ake sake duba shi. Kenan duk wata shida akwai damar a sassauta mana ko a ƙara ƙullewa, ya danganta da sakamakon gwajin da suka tara.

Ku dubi ƙasar Nowe. Sau biyu mutanenta suka ƙi shiga tarayyar a ƙuri'ar raba gardama, 1972 da 1994, amma tana cikin kasuwar bai ɗaya tare da ƙasashen Aisilan da Likitanstain ta wata yarjejeniya da ta fara aiki a 1994. Ba ta da ƙuri'a ko ɗaya. Abin da take yi shi ne ta tura ƙwararrunta su zauna a kwamitocin da ake tsara daftari tun yana ɗanye, su kawo hujja, su ce wannan layin zai cuci masuntanmu ga dalili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ai. Mu ba mu da irin kujerarsu, gaskiya ne, amma akwai ƙofofin da aka bar wa kowa a buɗe kuma ba ma shiga.

Ƙofa ɗaya ita ce shafin hukumar nan ta Birasels da ake kira Have Your Say. Duk babban daftari sai an sa shi a nan an nemi ra'ayin jama'a, yawanci sati 12, ƙananan dokoki kuma sati 4, kuma ba a ce sai ɗan Turai ba, ƙungiyar ƴan kasuwa daga Kano za ta iya rajista ta rubuta. Ta biyu ita ce ePing na ƙungiyar ciniki ta duniya, kyauta ne, ka sa imel ɗinka ka zaɓi kayan da kake sayarwa da ƙasashen da kake kaiwa, duk wadda za ta canza dokar lafiyar abinci sai saƙo ya shigo maka, kuma bisa al'ada kwana 60 ake bayarwa a yi tsokaci. Akwai kuma AGRINFO da ke fassara sababbin dokokin Turai cikin sauƙi don ƙasashe irin namu. Ni shawarata kowace ƙungiya a Dawanau ta ware yaro ɗaya mai jin Turanci ta saya masa data, aikinsa kenan duk ranar Litinin ya buɗe waɗannan ya faɗa wa shugabanni abin da ke tafe. Kuɗin bai kai asarar buhu biyu ba.

In an tashi rubutawa kuma, don Allah kada a rubuta kuka. "Ku tausaya mana mu talakawa ne" ba ya motsa kowa a can, fayil kawai za a sa shi. Abin da suke karantawa lamba ce. A ce mun gwada samfuri kaza a lab ɗin da aka amince da shi ga sakamako, manoma kaza ne ke cin abinci da wannan amfanin gona, maganin da kuke so ku hana ba mu da madadinsa a yanayin zafinmu sai nan da shekara kaza, don haka muna neman a ba mu wa'adin sauyi, ko a sa iyakar a nan maimakon can. A nemi abu ɗaya takamaimai wanda za a iya rubutawa a cikin dokar. Akwai ma hanyar neman iyaka ta musamman ga kayan da ake shigarwa daga waje, ana bi ta hannun ɗaya daga ƙasashen tarayyar ta kai wa EFSA ta duba, sai dai tana cin kuɗi da bayanan kimiyya sosai, ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Sai wanda na fi ba muhimmanci, ka nemi na ciki ya yi magana da yawunka. Kamfanin da ke sayen cittarka a Holan ko Jamus yana da ƙungiya, ƙungiyar tana da ofis da lauyoyi, kuma ƙasarsa tana da ƙuri'a a kwamitin nan da na faɗa. In kayanka suka daina shiga shi ma masana'antarsa ce za ta tsaya. Akwai shekarar da kwantenar wani maigidana ta maƙale a tashar jirgin ruwa a can, muna nan muna ta buga waya hankali a tashe, Alhaji ko abincin kirki ba ya iya ci, sai da mai sayen kayan ya ce mana ai su sun san da sabon sharaɗin tun watanni baya, ba wanda ya tambaye su ne. Tun daga nan duk wanda muke ciniki da shi sai na roƙe shi ya dinga turo mana duk takardar da ƙungiyarsu ta raba kan dokoki, mu kuma mu tura masa bayanan da zai kai gaba.

Gwamnati ma tana da nata fagen da ɗan kasuwa ba zai iya shiga ba. A Janiba kwamitin lafiyar abinci da tsirrai na ƙungiyar ciniki ta duniya, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta tun 2021, yana zama sau uku a shekara, kuma kowace ƙasa za ta iya miƙewa ta ce dokar wance tana cutar cinikina, dole a ba ta amsa a gaban kowa. Akwai kuma Codex, inda ake tsayar da ma'aunin abinci na duniya tun 1963, in ƙasarka ta kai bayanan gonakinta aka sa iyaka a can ka samu abin kafa hujja. Amma jami'in da zai tafi ba zai san damuwar Dawanau ba sai an kai masa a rubuce, shi ya sa nake cewa a bi ta ƙungiyar ƴan kasuwa da masana'antu ta Kano wato KACCIMA, da ofishin hukumar bunƙasa fitar da kaya waje NEPC, da hukumar binciken lafiyar amfanin gona NAQS, da NAFDAC, a kai takarda a karɓi kwafi mai hatimi a kuma dinga bibiya, kada a ajiye a tafi.

Kuma kada ƙasa ta je ita kaɗai. Da Turai ta yi dokar hana kayan da aka sare daji don noma su a 2023, wadda ta shafi koko da kofi da roba da manja da shanu har da fatunsu, ƙasashe 17 ne suka haɗa wasiƙa ɗaya a watan Satumbar shekarar, Najeriya na ciki da Gana da Barazil da Indonesiya. Ba su kaɗai ba ne, manoma da ƴan kasuwar Turai ma sun matsa, amma a ƙarshen 2024 an ɗage fara aiki da dokar da shekara guda. Riɗi ba mu kaɗai ke kaiwa ba, Sudan da Habasha da Indiya duk suna kaiwa, in damuwar ɗaya ce me zai hana a haɗa baki.

Da na gama wannan bayanin Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To ai sai mu fara da gida, wa zai saurare mu in ana shanya riɗi a ƙasa awaki na bi ta kai?" Ya yi gaskiya, don duk wasiƙar da za mu rubuta sakamakon gwaji ne zai tsaya mata. Washegari na tarar ya sa an sayo tamfol guda huɗu an shimfiɗa a bayan sito, ya kuma ce jikansa da ya gama BUK ya zo ya same ni da wayarsa in nuna masa yadda ake rajistar ePing ɗin.