Yadda ake gano matsalar robar sabon shaf ɗin mota da yadda ake gyara ta

An canza shaf ɗin gaba, wato sandar da ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa taya, an sa sabo fil daga kwali, amma ko wata biyu ba a yi ba sai ga baƙin giris ya fantsama a cikin wili da jikin shakazoba. Wannan ruwan dare ne ga shaf ɗin da ba na kamfanin motar ba, irin wanda ake saye da sauƙin kuɗi a kasuwar kayan gyara. Ƙarfensa yakan yi aiki daidai gwargwado. Inda masu ƙera shi suke tsuke hannu shi ne wajen robar da ke rufe kan shaf ta riƙe giris, da kilif, wato ɗamarar ƙarfen da ke matse bakin robar, da giris ɗin kansa. Sau da yawa ma robar ba ta yage ba, wani abu ne daban ya sa take zubar da giris, kuma wurin da giris ɗin ya ɓullo shi zai nuna maka laifin. Saboda haka kada ka sayi komai sai ka duba.

Kowane shaf kai biyu gare shi. Na waje, wanda ke shiga hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa, yana da ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, kuma yakan lanƙwasa har kusan digiri 45 idan an karya sitiyari. Na ciki, wanda ke gefen giyabos, a yawancin ƙananan motoci mai ƙafa uku ne. Ba ya lanƙwasa sosai, amma yana shiga yana fita duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. Don haka robar waje lanƙwasa ke wahalar da ita, ta ciki kuwa miƙewa da matsewa.

Fara da dubawa

Tanadi jak, da ƙarfen tokare mota, da tocila, da tsumma, da kananzir. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire taya, murɗa sitiyari har ƙarshe, ka riƙa juya hob da hannu kana haska robar. Buɗe kowane ninki da yatsu biyu ka leƙa cikin kwarinsa, domin a nan tsagewa ke ɓuya. Sannan ka murɗa sitiyarin ɗaya gefen ka maimaita.

Kafin ka goge komai, lura da sawun giris. Shaf na juyawa ne, don haka giris na fita ya zana layi a kan duk abin da ke saitin wurin da ya fito. Bi layin nan da ido ya kai ka wurin. Daga nan ka goge tas, ka mayar da taya, ka yi tafiyar kilomita 20 zuwa 30 wadda ta haɗa da gudu a babban titi, ka dawo ka sake dubawa. Wani lokaci ɗan giris ne da ya rage a bakin roba tun daga masana'anta, ya fita sau ɗaya ya ƙare. Idan ya sake fitowa, to akwai magana.

Idan daga ƙarƙashin kilif yake fita

Wannan ya fi kowanne yawa a sabon shaf. Kama robar ta babban bakinta ka gwada juya ta a kan ƙarfen. Idan ta motsa ko kaɗan, kilif bai ɗauru ba.

A nan sai ka san irin robar da ke gabanka, domin iri biyu ce. Akwai mai laushi wadda yatsa ke lotsa ta cikin sauƙi. Akwai mai tauri mai ƙyalli, wadda ke ƙara kamar robar jarka idan ka ƙwanƙwasa ta da farce. Mai taurin ta fi jure tsufa da duwatsun hanya, amma tana buƙatar matsi mai ƙarfi ƙwarai kafin bakinta ya kama, kuma siririn kilif ɗin da ake naɗewa a lanƙwasa ba ya iya mata. Ita sai kilif mai kauri mai kunne, wanda ake matse kunnensa da filaya ta musamman mai danne saman kunnen yayin da take matse gefensa. Filayar yanke waya takan tsinke kunnen ko ta bar shi a tsaye ya riƙa bugun wani abu.

Yanke tsohon kilif, ɗaga bakin robar, goge kwarin da take zama a ciki har ya bushe ƙarau. Giris a wannan wurin shi ke sa roba zamewa ko da an matse ta. Tabbatar leɓen cikin robar ya faɗa cikin kwarinsa a duk kewaye, sa sabon kilif a maƙala shi a haƙorin da ya fi matsewa da hannu, sannan a matse kunnen har bakinsa ya kusa haɗuwa. Littafin gyaran kowace mota yana faɗin giɓin da ya kamata ya rage. Mai laushin kuwa kada a wuce gona da iri, kilif na iya yanka ta kamar wuƙa.

Wayar ɗauri da igiyar roba ta haɗa wayoyin lantarki ba kilif ba ne. Waya na cin roba, igiyar kuma na saki da zarar wuri ya yi zafi. Kilif mai noti irin na tiyon lagireto shi ma bai dace ba, kansa na iya bugun ƙarfen da ke kusa, kuma ba ya matsewa daidai a duk kewaye.

Idan robar ta kumbura ko ta loɓa

Wannan ba a ganinsa daidai idan taya na reto a sama, domin a lokacin shaf ya miƙe fiye da yadda yake a hanya. Sauke motar ta tsaya da ƙafafunta a kan ramin gareji, sannan ka duba robar ciki. Ninkinta ya kamata su jeru daidai, ba su manne da juna ba, ba su kuma miƙe sun baje ba.

Idan gefe ɗaya ya loɓa ciki kamar an tsotse shi, an ɗaure kilif ne lokacin da kan shaf ke matse, da ya miƙe sai iska ta yi kaɗan a ciki. Wurin da ya loɓa zai riƙa gogar ƙarfen ciki har ya huje. Idan kuma ta kumbura, an rufe ta da iska mai yawa ko an cika giris fiye da kima, zafi na tasowa sai ta tura giris ta ƙarƙashin kilif. Maganin duka biyun ɗaya ne. Cire babban kilif, ja kan shaf ya tsaya a tsawon da yake zama idan mota na ƙasa, zura sukundireba marar kaifi a ƙarƙashin bakin robar iska ta daidaita, zare shi, sannan ka ɗaure sabon kilif ba tare da ka bar kan ya motsa ba.

Duba ƙaramin bakin ma. Shaf ɗin asali yana da kwari a jikin sandarsa inda ƙaramin bakin ke zama. Wasu na kasuwa kwarin nasu ba shi da zurfi, sai robar ta zame ciki ko waje. Idan tsohon shaf na nan, ajiye su gefe da gefe ka auna da tef daga bakin kai zuwa ƙaramin kilif. Ka auna tsawon shaf ɗin gaba ɗaya ma, domin wanda ya gaza na asali tsawo zai riƙa jan robar ciki kullum, kuma babu kilif ɗin da zai gyara wannan. Sai dai a mayar da shi.

Idan ta huje ko ta tsattsage

Huji ɗaya mai tsaftataccen baki a kan tudun ninki yawanci daga waje ya zo: dutse, ko kara, ko bakin ƙarfen banƙara lokacin da ake sa shaf ɗin. Idan kuwa ka ga wani layi mai sheƙi ya kewaye robar, wani abu ne ke gogarta. Robar kasuwa takan fi ta asali faɗi, sai ta taɓa ƙafar shakazoba, ko tiyon birki, ko wayar ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki), musamman idan an karya sitiyari har ƙarshe. Nemo abin da ya yi sheƙi a ɗaya ɓangaren.

Ƙananan tsage-tsage masu yawa a cikin kwarin ninki, kamar faso a diddige, alama ce ta roba marar inganci ko wadda ta daɗe a shago. Ba ta da gyara sai canji. Robar da ta yi laushi ta kumbura tana danƙo kuwa mai ne ke zuba mata, ko baƙin mai daga inji ko man giya daga sil, wato zoben robar da ke tare mai a giyabos. Wadda ta ƙeƙashe ta gefe ɗaya, musamman robar ciki ta dogon shaf da ke wucewa kusa da salansa, zafi ne ya gasa ta, sai a duba ko farantin tare zafi ya faɗi. Idan robar ciki na yawan yagewa ba dalili, a duba robobin da inji ke zaune a kai. Idan sun mutu, inji na tsalle yana fizgar shaf. Haka motar da aka ɗaga ta fiye da tsayinta na asali, shaf ɗinta na aiki a karkace kullum, ninkin robar na cin juna.

Canza robar

Kafin ka kashe kuɗi, ɗebo giris daga ciki ka murza tsakanin yatsu. Idan ka ji yashi, ko kuma motar ta fara ƙas-ƙas-ƙas wajen karya kwana, kan waje ya riga ya ci kansa, sabuwar roba ba za ta dawo da shi ba. Jijjiga lokacin da aka taka totur, wadda ke ɗaukewa in an saki, ta kan ciki ce. Idan giris na da santsi kuma babu ƙara, a canza roba kawai.

Cire shaf, kuma kada ka bar shi yana reto ko ka fizge shi ta sanda, kan ciki na iya zarewa. Yi alama da fenti a kan sanda da ƙafa ukun da gidansu don su koma yadda suke. Cire zoben da ke riƙe ƙafa ukun, ka zare su. A Toyota da yawa ba a cire kan waje, ta wannan ɓangaren na ciki ake zura robobin biyu, ta waje da farko. Naɗe haƙoran sanda da salatif kada su yanki sabuwar roba. Wanke kai da kananzir, bar shi ya bushe sarai. Robar kanta kada fetur ya taɓa ta.

Giris ɗin kan waje baƙi ne mai sinadarin moli. Na ƙafa uku ya fi ruwa-ruwa kuma yakan fi haske, don ya iya shiga tsakanin siraran alluran da ke ciki. Giris ɗin boris na gwangwani bai dace da ko ɗaya ba. A ƙananan motoci kai ɗaya na cin abin da ya kama daga giram 80 zuwa 180, kuma roba mai kyau takan zo da ƙunshin da aka auna mata. Dura mafi yawansa a cikin kan har ya ɓullo tsakanin ƙwallaye, ragowar a cikin robar. Fitar da iska kamar yadda aka faɗa, sannan kilif.

Ka sayi robar da aka yi wa motar musamman, ta kamfanin ko ta sanannen mai ƙera kayan shaf kamar GKN. Robar da ake tsagawa a liƙa da gam ta kai ka gida ce kawai. Kuma idan tsohon shaf ɗin asali na nan, robarsa kaɗai ta yage bai fara ƙara ba, ya fi a wanke shi a sa masa sabuwar roba a mayar, domin ƙarfensa da ma'auninsa sun fi na kasuwa.

Wajen mayarwa, tura kan ciki har ka ji zobensa ya kama a giyabos, ka ciko man giyan da ya zuba. Babban notin da ke ɗaure shaf a hob sabo ake sawa, a ɗaure da sifana mai awon ƙarfin ɗauri (Nm): Corolla da yawa 216 Nm, Accord 245, Camry 294, amma ka tabbatar da na shekarar motarka. Lotsa bakin notin cikin kwarin sanda ko ka sa sabon fil. Kada a tura mota notin na kwance, boris ɗin taya zai lalace. Bayan mako ɗaya ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka haska bayan taya, kuma ka ce wa mai wankin mota kada ya saita bakin injin feshi a kan kilif.